Rumfar katako a tsakar gida: kafin a kwaikwayi hoton waya a fara shawara da rana da gara

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu gini, musamman mu nan Bauchi da yanzu duk wanda ya samu fuloti ya zagaye, to sai ka ji yana maganar zai bar wuri don gadin, ya sa 'yar ciyawa da fulawa, sannan ya kafa irin rumfar katakon nan da yaran zamani ke kira pagola. Ni na yi ta har sau biyu a gidana, ta farkon ta zube ta biyun tana nan tsaye, kuma kuɗin da na yi asara a tsakani ya isa in sayi ragon layya har da canji, shi ya sa naga bai kamata in yi shiru ba.

Abin ya faro ne a farkon 2022 bayan na ajiye aiki. 'Yata ta biyu ce ta zo hutu daga makaranta ta miƙo min waya tace Abba kalli wannan, wallahi in aka yi mana irinta a bayan ɗakin Umma gidan nan sai ya koma kamar otal. Na karɓa na duba, hoto ne a Instagram, ginshiƙai huɗu farare tas, a sama an jera katakai da tazara tsakaninsu ba kwano ba komai, ga fulawa ta hau ta sauko, ga wasu Turawa biyu suna shan shayi a ƙasa. Gaskiya ta burge ni. Washegari na kira wani yaro kafinta da ya taɓa yi mana silin na nuna masa, ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba yace Alhaji ai wannan rumfa ce kawai ba rufi, kwana uku na gama maka. Ni kuma da yake ina son abin da sauƙi ban tambaye shi komai ba, na ba shi kuɗi ya tafi kasuwar katako shi kaɗai, wannan shi ne kuskurena na farko kuma ba zan ɗora masa laifin duka ba, wanda ya aiki yaro kasuwa bai faɗa masa me zai sayo ba ai shi ya so.

Ya dawo da farin katako a Keke Napep, mara nauyi, ɗanye sharaf har in ka danna farce sai ya shiga. Ya haƙa rami huɗu da bai fi tsawon hannu ba, ya tsoma ginshiƙan ciki ya zuba kankare ya rufe, ya buga komai da ƙusa, ya shafe da banish tana ta ƙyalli. Ranar da aka gama har hoto muka yi aka tura wa dangi a WhatsApp. Lokacin watan Janairu ne, ana sanyi, kowa neman rana yake yi, don haka ba wanda ya lura da cewa abin da muka kafa ba ya ba da inuwa.

Sai da Afrilu ta shigo, azumi ya kama a tsakiyar zafin nan na Bauchi da ke haura digiri 40, na ɗauki tabarma da azahar nace bari in je in ɗan kishingiɗa a rumfata. Edita, wallahi inuwar da na tarar ba ta fi ta wayar lantarki ba. Zane-zane ne kawai sirara a ƙasa kamar an ja layi da biro, sauran duk rana ce ƙwal. Uwargida tana daga bakin kicin tace Malam ai da ka shimfiɗa a tsakar gidan ma duk ɗaya ne, ko ba komai can iska ta fi kaɗawa. Ban ce mata uffan ba.

Daga baya ne na zauna na yi tunanin abin, da yake na ɗan koyar da jogirafi a farkon aikina. Bauchi tana wajen digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, to a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta rana tana bi ta daidai tsakar kanmu, mutum ya tsaya da tsakar rana inuwarsa tana ƙarƙashin takalminsa. A Ingila kuwa rana ba ta taɓa hawa tsakar ka, ko a tsakiyar lokacin zafinsu a karkace take zuwa, saboda haka katakan da aka jera da tazara kowanne sai ya jefa inuwarsa a kan ratar da ke kusa da shi, wurin ya yi lumshi. Kuma su fa neman ranar suke yi, so suke ta ɗan taɓa su, mu kuwa gudunta muke. Ashe hoton da 'yata ta nuna min amsa ce ta tambayar da ba mu muka yi ta ba.

Maimakon in gyara tun daga tushe sai na yi dabara irin ta malalaci, na sayo tampol na sa aka ɗaure a sama. Inuwa ta samu kam, amma zafin da ke ƙarƙashi kamar gidan burodi, ga shi duk ruwan da aka yi sai ya taru a tsakiya ya yi tumbi sai an sa sanda an tokare. Haka muka lallaɓa damina ta wuce. Hunturu na zuwa katakon nan da aka sayo ɗanye ya fara bushewa a tsaye, wani ya murɗe kamar igiya wani ya tsage tun daga inda ƙusa ta shiga, banish ɗin ya dinga ɓarewa kamar fatar maciji. Ginshiƙan kuma suka tsuke a cikin kankaren har rata ta fito da za ka iya zura cokali. Na ga 'yar jar ƙasa ta hau jikin ɗaya daga ciki kamar an liƙa, na sa ƙafa na goge na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Watan Mayun 2023 hadarin farko ya haɗo daga gabas da la'asar sakaliya. Duk ɗan Bauchi ya san iskar farkon damina ba ta da wasa, wanda ya ga guguwar watan Yunin 2018 da ta zo cikin hutun ƙaramar Sallah ta kwashe rufin gidaje ta karya turakun wuta har shugaban ƙasa Buhari ya zo jaje, ba sai an ba shi labari ba. To wannan ko rabin waccan ba ta kai ba, amma tampol ɗin nan ya cika da iska ya zama kamar lema, muna cikin falo muka ji ƙara ƙaƙaƙas, kafin in leƙa rumfa ta kwanta a kan tankin ruwa ta fasa murfin. Allah Ya tsare jikokina ba sa wajen, don nan ne wurin wasansu. Da gari ya waye na je na duba gindin ginshiƙan, biyu daga ciki na sa yatsa sai ya burma, ciki ba komai sai ƙasa da gara fari fat suna ta kai da kawo, fentin waje ne kawai ya rage yana riƙe da mutuncinsa. Kankaren da muka zuba don ya kare katakon shi ya zama masa kofi, ruwa ya shiga ta ratar ya kwanta, gindin ya jiƙe, gara kuma ba abin da take so irin jiƙaƙƙen farin katako a cikin duhu.

Ana cikin haka Kawuna ƙanin mahaifiyata ya zo daga Kafin Madaki ganin likitan ido, ya kwana biyu a wurina. Dattijo ne ya haura tamanin, duk rumfar da ke ƙofar gidansu da ta kasuwa da runbunan gidan shi yake kafawa tun yana saurayi. Ya zagaya ya ga gawar rumfar, ya ɗauki guntun ginshiƙin ya murje shi a hannu ya zama gari, ya kalle ni yace ɗan nan, da karatunka da komai ka binne wa gara tuwo sannan ka zo kana mamaki ta ci? Nace Kawu ai aikin zamani ne. Yace zamanin me, je ka garinmu ka ga ginin Babban Gwani, azarar da ke ciki tun kafin a haifi kakana take, wa ya taɓa shafa mata banish?

Kuma gaskiya ya faɗa. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1860, da ƙasa da azarar giginya aka yi shi kuma yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta amince da su. Mutanen da ba su da siminti ba su da maganin ƙwari na kanti sun san itacen da gara ke ci da wanda take tsoro. Kawu ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno ya dinga lissafo min, yace dirka in dai ƙasa za ta shiga to kirya ko marke, kirya ita ce wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita kuma gawayinta maƙera ke nema, ƙusa ma sai ta lanƙwashe a jikinta. Yace ko ita ɗin ba a binne ta haka nan, sai an ɓare ɓawon an bar ta ta bushe, an babbaka gindin a wuta ya yi baƙi, a zuba toka a ramin. Azara kuma ta namijin giginya ake nema wadda ta tsufa, baƙin gefen ba farin tsakiyar ba, kuma ba a ba ta nisa, in ta wuce kamu shida ba tokara sai ta fara saɓa. Sannan abin da ya fi tsaya min a rai, yace rumfa ai ba a rufe ta da abin da iska ba za ta ratsa ba sai dai in za a ɗaure ta kamar ɗaki, shi ya sa muke sa zana ko karan dawa, iska ta bi ta ciki ta wuce, zafi ya fita ta sama, in ma guguwa ta yi fushi zanar za ta ɗauka ta bar maka dirkokinka.

Sai a farkon 2024 na sake ɗaura niyya, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma, katako ma ya yi tsada tunda aka cire tallafin mai don yawancinsa daga nesa ake lodo shi. Wannan karon da ƙafata na je kasuwar katako tare da wani tsohon kafinta da wani abokina ya haɗa ni da shi, mutum mai shiru-shiru da fensir a bayan kunne. Abin da na gani ya kamata duk mai gini ya sani. Katakon da ake ce maka tu-bai-fo in ka sa tef ba lallai ya cika inci biyu da huɗu ba, wanda ake ce ƙafa goma sha biyu ma wani sai ka ga ya gaza, don haka ka tafi da tef ɗinka. Malamin nan kowane katako sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya ɗora ƙarshen a ido ya hango ko ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa ya saurara. A jan katako ma yana ware wanda farin gefe ya yi masa yawa, yace Alhaji jan cikin shi ne katako, farin nan abincin ƙwari ne ko da daga jikin maɗaci ya fito. Mai shagon har ya fara ƙosawa yace Baba in ba saya za ku yi ba ku ba mutane wuri.

Kuma shi ya hana ni yin girman da na so. Na ce ina son ƙafa goma sha biyar, yace katako a sha biyu yake zuwa, in ka ce sha biyar sai an yi jon, wato haɗin katako biyu, a tsakiya kuma nan ne za ta fara saɓawa, ka yi goma a goma ka bar ƙafa ɗaɗɗaya ta leƙo kowane gefe, ba asarar yanka ba jon. Tsayi ƙafa takwas. Muka ɗauki ginshiƙai huɗu fo-bai-fo masu tauri, da tu-bai-sikis na maɗaci da za su kwanta a kansu, na jerawa a sama kuma muka ɗauki malaina tunda ita shuka ta ake yi kuma can sama ba ta taɓa ƙasa. Da muka kawo gida bai taɓa su ba sai da suka yi sati biyar a jere a inuwar garejin, an sa 'yan guntaye tsakaninsu iska na ratsawa, ni har na fara zargin ko ya karɓi wani aikin ne yake ja min rai.

Ba mu binne ko ɗaya ba. Ya sa birkila ya haƙa rami ƙafa biyu ya zuba kankare ya taso da shi sama da ƙasa kamar tsawon tafin hannu, mai walda ya yi mana wani ƙarfe kamar takalmi aka dasa a ciki, ginshiƙin ya zauna a kan ƙarfen da 'yar rata a ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta ba, aka huda aka zura bol aka ɗaure da noti da wosha. Amfanin ratar nan ba ruwa kaɗai ba ne, gara ba ta son haske, dole sai ta gina hanyarta ta ƙasa a kan kankare da ƙarfe kafin ta kai ga katako, to a nan za ka gan ta da idonka ka rushe. Yanzu duk Juma'a in na dawo masallaci sai na zagaya ginshiƙan nan huɗu na duƙa na duba, jikokina har sun ɗauka wata addu'a nake yi. Duk mahaɗa ta sama bol ce ba ƙusa ba, kuma kowace kusurwa ya sa mata 'yar tokara a karkace, yace ita ke hana rumfa rawa in iska ta buge ta daga gefe.

Maganar magani kuwa, da yawa za su ce maka ka shafa baƙin mai na inji an gama. Yana ɗan taimakawa ban musa ba, amma fa in rana ta buga wari yake yi, ya ɓata farar riga, kuma in kana da niyyar shuka abin ci a gindin to guba kake zuba wa ƙasarka. Mu Solignum muka sa, wato maganin kanti da ake shafa wa katako don gara, kuma a sayi na cikin gwangwani a rufe, don wanda ake aunawa a gora wani an tsinka shi da kalanzir har ya zama ruwan bunu. Bakin da aka yanka da zarto nan ya fi sha, sai da ya tsoma kowane baki a bokiti ya kwana. Banish kuwa yace in manta da shi, na cikin ɗaki ne, ranar Bauchi ba ta barinsa ya shekara, fentin mai muka yi kuma za a sake duk bayan hunturu biyu.

Katakan sama a tsaye ya jera su a kan gefensu ba a kwance ba, daga kudu zuwa arewa, tazarar ba ta fi faɗin hannu ba, saboda haka da hantsi da la'asar inuwar wannan tana faɗawa kan wancan. Tsakar rana kuma da ba dabarar katakon da za ta yi maganinta, sai muka koma ga maganar Kawu, asabari biyu na shimfiɗa a sama na ɗaure da waya, wani kuma na rataya ta yamma ina saukewa bayan azahar. In damina ta kankama sai in naɗe su in ajiye kar su ruɓe. Kuɗinsu duka bai kai na tampol ɗin da iska ta yaga ba, kuma mai saƙar dattijo ne a bakin kasuwar Muda Lawal, ko ba komai kuɗin ya shiga aljihun na gida.

Akwai inda ban bi Kawu ba, kuma na gaya masa. Kirya da marke da yake magana ba su da yawa yanzu kamar lokacinsa, masu gawayi sun gama da na kusa, duk wanda ke bin hanyar Ningi ko ta Alkaleri yana ganin buhunan a bakin titi. Mun ga yadda aka yi wa madobiya a dazukan Taraba ana lodawa zuwa Chaina har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da itatuwa ta taƙaita cinikinsu a 2017. In kowane mai fuloti a Bauchi yace sai ya sare kirya huɗu don ya sha shayi a inuwa, to inuwar gaba ɗaya za mu rasa. Shi ya sa takalmin ƙarfen nan ya kwanta min, tunda katakon bai taɓa ƙasa ba ba dole sai kirya ba. Kawu dai ya taɓe baki yace ƙarfe ai tsatsa yake yi, nace to Kawu sai mu shafa masa fenti, yace ku dai 'yan boko ba ku rabo da fenti.

'Yata ta so a sa fulawar nan mai ƙaya mai jan fure irin ta hoton, uwargida tace ba a gidanta ba, ƙaya ga jikoki ga shara kullum ga tsoron maciji. Sai muka shuka soso a shekarar farko don shi wata biyu ya isa ya rufe sama, muka samu na wanke-wanke har da na kyauta, sannan na sa inabi guda biyu da wani ya kawo min dashe daga Kudan ta jihar Kaduna inda ake nomansa sosai. Na nisanta su da ginshiƙi kamar ƙafa biyu, don ban ruwa kullum a gindin katako kiran gara ne, na ja musu waya suka hau. Ruwan alwalata can yake tafiya.

Roƙona gare ku Edita, shafin da kuke yi na gine-gine da kayan gida kar ya tsaya a hotunan gidajen Abuja da Dubai. Ku tura wakilinku kasuwar katako ya zauna da tsofaffin kafintoci, ya je ƙauye ya samu irin su Kawu tun suna raye ya rubuto mana sunayen itatuwa da Hausa da abin da kowanne ya dace da shi, don yaran da ke koyon kafinta yanzu da yawansu farin katako da jan katako kawai suka sani, ka ce musu marke sai su ɗauka sunan unguwa ne. Masu koyar da aikin katako a makarantun fasaha namu su ma su sa baki.

Rumfar dai ta ga damina biyu yanzu ba ta motsa ba, sau ɗaya na kama gara ta fara hawa kankaren kusurwar gabas na rushe na zuba magani. Inabin ɗaya ya mutu a zafin bara, ɗayan ya kai sama ya fara 'ya'ya, tsami gare su sosai tsuntsaye ne kawai ke yabawa. Wannan wasiƙar ma a ƙarƙashinta na rubuta a waya, uwargida tana gefe tana tsince shinkafa tana cewa in tabbatar na faɗa muku ita ce ta fara cewa ta farkon ba inuwa. To ga shi na faɗa.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku, mai karatu a kullum,
daga Fadamar Mada, Bauchi.